Ina Za a Ajiye Sandar? Muhawarar Masu Tseren Ƙananan Jiragen Iska

A tseren ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska akwai wata sanda wadda aikinta bai kai rabin tseren ba, amma rigimarta ta cika shi fal. Sandar sifinika ke nan. Idan jirgi ya ba iska baya ana buƙatarta ruwa a jallo. Da zarar ya juya ya fuskanci iska, sai ta zama kaya: doguwa, mai ƙugiya a kowane baki, tana neman igiyar da za ta sarƙe ko ƙafar da za ta harɗe, a cikin jirgin da mutum biyu ma da ƙyar suke samun wurin motsi. Shekara da shekaru matuƙa a Ingila da Amurka da Faransa da Ostireliya suna ja-in-ja kan inda ya kamata a ajiye ta, kuma har yau kowane ɓangare na da mutanensa. Wanda bai san harkar ba zai ce ai wannan ƙaramar magana ce. Wanda ya taɓa ganin jirgi na kan gaba ya koma na takwas saboda igiya ɗaya ta maƙale a bakin sanda, shi ba zai faɗi haka ba.

Sai an fara sanin fasalin jirgin kafin maganar ta zauna. A tsakiyarsa akwai jigo, dogon bututu a tsaye. Babban ƙyallen da ke kamo iska yana bayan jigon, gindinsa a ɗaure da wani bututu a kwance da ake kira bum, wanda ke lilo hagu da dama gwargwadon inda iska ta fito. A gaban jigo akwai ƙaramin ƙyalle mai igiya biyu, ɗaya a kowane gefe. Da waɗannan biyun ake haurawa iska, ana karkata dama ana karkata hagu, domin babu jirgin ƙyalle da ke iya shiga cikin iska kai tsaye. Sifinika ita ce ta uku, shara-shara, mai faɗi, wadda ake ɗagawa idan iska ta koma baya, ta kumbura a gaban jirgi kamar babbar rigar mutumin da ke gudu a kan babur. Kusurwarta ta sama tana rataye a jigo, ta ƙasa ɗaya tana hannun mai jan igiya, ɗayar kuma, ta gefen da iska ke fitowa, sandar nan ce ke tura ta waje don kada babban ƙyalle ya tare mata iska. Baki ɗaya na sandar yana maƙale a zobe a gaban jigo, ɗayan yana riƙe da igiyar kusurwar. Akwai igiyar da ke ɗaga sandar daga sama, akwai wadda ke danne ta daga ƙasa. A kowane baki akwai 'yar sakata mai sifirin, a ja ta buɗe, a saki ta rufe.

Girman sandar ya danganta da ajin jirgi, kuma kowane aji ya ƙayyade nasa a rubuce. Jirgin 470, wanda Bafaranshe André Cornu ya zana a 1963, tsawonsa mita 4.70 ne, sandarsa ba ta wuce mita 1.90, sifinikarsa kuma murabba'in mita 13. Jirgin J/24 na Rod Johnstone, wanda aka fara ƙerawa don sayarwa a Amurka a 1977, sandarsa ta kusa mita 2.9, kuma mutum biyar ne suka saba tuƙa shi. Ban da waɗannan akwai 505 na John Westell, da Fireball na Peter Milne na 1962, da GP14 na Jack Holt, da Lightning wanda Olin Stephens ya zana a 1938. Shi wannan na ƙarshen ba baƙo ba ne a Najeriya, don ana tserensa a kulob ɗin jiragen ruwa na Legas da aka kafa tun 1932. Duk waɗannan suna da sanda, duk kuma suna da matsalar ajiyarta.

Abin da ya sa matsalar ta yi tsanani shi ne lokacin da take tasowa. Filin tsere na zamani yawanci alama biyu ne masu yawo a kan ruwa, ɗaya ta saman iska, ɗaya ta ƙasan iska, ana hawa ana sauka tsakaninsu sau biyu ko uku. A alamar sama ake fito da sanda, a ta ƙasa ake mayar da ita. Wato daidai wuraren da jirage ke cunkushewa, kowa na ihun neman hanya, matuƙi idonsa na kan abokan hamayya, nan ne ake son na gaba, wato abokin aikin matuƙi da ke gaban jirgi, ya cire sanda, ya ajiye ta, ya sauke sifinika, ya ja ƙaramin ƙyalle, ya koma gefe ya rataye jikinsa don jirgi kada ya kife. Dokokin tsere na hukumar World Sailing, waɗanda ake sabuntawa duk shekara 4, sun zana da'ira a kewayen alama mai nisan tsawon jirgi 3, inda hakkin wucewa ke canzawa. Ga jirgin 470 wannan kamar mita 14 ne. Jirgin da ke gudun kilomita 11 a awa yana cin mita 3 a daƙiƙa guda, don haka cikin ƙasa da daƙiƙa 5 ya kai alama daga bakin da'irar. Duk wanda ya ɓata daƙiƙa 5 yana kokawa da sanda ya yi kyautar tsawon jirgi 3 ga wanda ke binsa, kuma ya fita daga alamar yana shan gurɓatacciyar iskar waɗanda suka wuce shi.

Hanya mafi tsufa ita ce a jefa ta cikin jirgi. A cire ta gaba ɗaya daga igiyoyinta, a zura ta ƙasa kusa da akwatin allon da ake zurawa cikin ruwa ta tsakiyar jirgi, a ci gaba da tafiya. Haka yara da yawa ke koya a jirgin 420, wanda bai kai 470 girma ba, wanda Christian Maury ya zana a 1959. Amfaninta a bayyane yake: babu ƙarin kaya, babu abin da zai lalace, nauyin sandar yana ƙasa inda ya fi dacewa, babban ƙyalle kuma ba ruwansa da ita. Illarta ita ce hannu. Duk fitowa sai an ɗauko, an maƙala igiyar kusurwa, an maƙala igiyar ɗagawa, an tura, an maƙala a jigo. Motsi huɗu ko biyar, a tsaye, jirgi na rawa. Sau da yawa matuƙi ne ke miƙo ta daga baya da hannu ɗaya, ɗayan yana kan tuƙi, kuma a iska mai ƙarfi wannan miƙowar kaɗai ta isa ta sa jirgi ya karkace. Ga kuma ƙasan jirgin tsere, wanda dama cike yake da wutsiyoyin igiya. Sakatar sanda ba ta zaɓe, abin da ta samu shi take kamawa. In jirgin ya kife, sandar da ba a ɗaure da komai ba tana iya sulalewa, kuma bututun alminiyam idan ruwa ya cika shi ƙasa yake yi. An sha gama tsere ba sifinika saboda haka, shi ya sa masu hankali ke toshe cikin bututun ko su cusa masa soso mai hana nutsewa.

A jirage masu rufin gaba, irin su J/24 da Soling da Etchells, hanya ta biyu ita ce a kwantar da ita a kan rufin, baki ɗaya wajen goshin jirgi, ɗayan wajen wayoyin da ke riƙe jigo. Nan ma nauyi yana ƙasa, kuma sandar tana kusa da inda za ta yi aiki. Amma a nan ne babban tarkon yake, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya haifi dukan muhawarar.

Ƙaramin ƙyallen gaba, duk lokacin da jirgi ya juya ta goshin iska, sai ya ƙetare daga wannan gefe zuwa wancan ta gaban jigo, yana jan igiyoyinsa biyu. Duk abin da ke tsaye ko a kwance a wannan fili yana kan hanyarsa. Idan an sauke sanda a kan rufi aka bar igiyar ƙyallen a ƙarƙashinta, to an ɗaure jirgin. Matuƙi zai juya, mai jan igiya zai ja, sai igiyar ta ɗago sandar ko ta tsaya cak, ƙyalle ya maƙale a tsakiya yana kaɗawa, jirgi ya tsaya kamar an taka masa burki. Haka kuma idan an bar igiyar ɗagawa a miƙe daga jigo zuwa tsakiyar sandar, ta zama shinge a tsakiyar fili. Saboda haka ƙa'idar da ake cusa wa kowane na gaba ita ce igiyar ƙyalle ta bi ta saman sanda kuma ta gaban igiyar ɗagawa, sannan a saki igiyar ɗagawa sosai ko a cire ta a maƙala a gindin jigo. A natse abu ne mai sauƙi. A alamar ƙasa, da jirgi uku a hagu biyu a dama, da jiƙaƙƙiyar sifinika a fuska, nan ake gane wanda ya yi atisaye. Shi ya sa a jirage da yawa matuƙi ba ya juyawa bayan alama sai ya ji na gaba ya ɗaga murya cewa gaba a share take. In bai ji ba, ko da iska ta ba shi dama, haka zai haƙura ya ci gaba da tafiya inda ba ya so.

Wannan ne ya sa mutane suka koma ga hanya ta uku, wadda ita ce ta fi yawan magoya baya a yau: a rataye sandar a jikin bum. Ana ɗaura madauki ko guntun bututun roba can baya a jikin bum wanda bakin sandar zai shiga, a gaba kuma a sa ƙugiya ko zobe kusa da jigo. Na gaba ya cire sanda daga jigo, ya tura ta baya ta shige madauki, ya maƙala bakin gaba, shi ke nan. Igiyar ɗagawa da ta dannewa suna nan a jikinta, ba a cire su ba. Filin gaba ya zama fayau, ƙaramin ƙyalle ya ƙetare ba abin da ya tare shi, kuma a jirgi irin J/24 ba sai mutum ya daɗe a goshin jirgi ba, inda nauyinsa ke danna hanci cikin ruwa ya rage gudu.

A wane gefen bum? Kusan kowa zai ce dama, kuma dalilin yana cikin tsarin fili. A al'ada ana zagaya alamomi ana barinsu a hagu. Jirgin da ya doso alamar sama a tafiyarsa ta ƙarshe iska na bugunsa ta dama, bum ya karkata hagu, ma'aikatan suna zaune a gefen dama. Sanda kullum gefen da iska ke fitowa take fita, wato dama. In tana rataye a fuskar dama ta bum, tana daidai hannun na gaba, ya zaro ta ta wuce gefen jigo ta fita ba tare da ta ƙetare komai ba. Har ana iya kafa ta kafin a kai alama, a jira kawai a ja sifinika sama.

Komawar ce ba ta da daɗi haka. Jirgin da ya doso alamar ƙasa zai bar ta a hagu, sau da yawa iska na bugunsa ta hagu, sanda tana hagu, bum ya buɗe can dama. Gidan sandar yanzu yana fuskar bum da ke kallon waje, nesa da hannu. Dole a zagayo da ita ta gaban jigo zuwa dama kafin a tura ta baya. Wanda ya yi gaggawa ya tura ta ta hagun jigo ya nemi ya ƙetarar da ita ta baya, ya naɗe igiyar ɗagawa a jikin jigo ko a wayoyinsa, kuma ba zai sani ba sai a alamar sama ta gaba, lokacin da sandar ta ƙi fita. Maganin da ƙwararru suka samo shi ne su cire ta da wuri. Tun ana saura tsawon jirgi da dama a kai alama, na gaba ya cire sanda ya ajiye a natse, wani ya miƙa hannu ya riƙe igiyar kusurwa waje, ya zama shi ne sandar na ɗan lokaci. Doka ta yarda da wannan. Sifinika kuwa in matuƙi ya iya riƙe hanya, tana ci gaba da ja ko ba sanda. Asarar da ake yi a waɗannan 'yan daƙiƙu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na asarar zagaye mai hargitsi ba, a ganina, kuma wannan dabarar ta fi kowane irin madauki ko ƙugiya da za a saya muhimmanci.

Masu adawa da rataya a bum ba su rasa hujja ba. Babbar hujjarsu nauyi. A iska mai laushi ana son gefen baya na babban ƙyalle ya ɗan buɗe daga sama don iska ta zame ta fita. Duk abin da ya ƙara wa bum nauyi yana jan wannan gefen ƙasa ya rufe shi, jirgi ya yi nauyin tafiya. Gaskiya ne, kuma a ranar da ruwa ya kwanta lumui ana iya ganin bambancin da ido. Sai dai sandar ƙaramin jirgi ba wani nauyin kirki gare ta ba, rabinta kuma yana kusa da jigo inda tasirinsa kaɗan ne. A ajin da aka yarda da sandar kabon maimakon alminiyam, hujjar ta ƙara raguwa. Akwai masu cewa tana dagula iskar da ke bi ta gindin ƙyalle, wannan kam ban ɗauke shi da nauyi ba, don gindin ƙyalle dama ba nan ne ƙarfin jirgi yake ba. Hujjar da ta fi kama hankali ita ce ta haɗari. Bakin sanda da ya leƙo daga jikin bum yana iya kama rigar ceto ta na gaba lokacin da yake sunkuyawa ya ƙetare, ko wayar lilon da yake rataye jikinsa da ita, ko igiyar da ke danne bum. Kuma in madaukin baya ya yi sako-sako, juyawa ɗaya mai ƙarfi ta bayan iska ta isa ta watso sandar cikin jirgi, ko a kan matuƙi. Wanda zai bi wannan hanya sai ya tabbata sandar ta kwanta lif a jikin bum, bakinta na baya a rufe cikin bututu, ba a sake ba.

Ƙananan jirage masu mutum biyu sun ɗauki wannan dabara sun kai ta wani mataki. Maimakon madauki, sai a miƙa igiyar roba tun daga jigo har ƙarshen bum, a rataye sandar a kanta da zobe ko 'yar taya, ta yadda ko an sake ta ba za ta faɗi ba, kanta kawai za ta bi ta koma baya. Daga nan aka zo ga sanda mai harba kanta. Ita baki ɗaya ne kawai ke aiki. Igiya ta fito daga gindinta ta bi ta wata 'yar taya a gaban jigo ta sauko hannun na gaba. Ya sa igiyar kusurwa a bakin sanda, ya ja igiyar harbawa, sandar ta zame gaba har gindinta ya zauna a jigo, ya danne igiyar a maƙalinta. In an gama ya saki, roba ta fizge ta ta koma jikin bum. Jirgin Mirror, ɗan ƙaramin nan mai jajayen ƙyalle wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka zana a farkon shekarun 1960 da goyon bayan jaridar Daily Mirror, ya amfana da wannan ƙwarai, domin sau da yawa na gabansa yaro ne ɗan shekara takwas ko tara wanda hannunsa ba zai iya tura sanda ya maƙala a jigo ba idan sifinika ta cika da iska.

Masu 505 su suka fi kowa zurfafawa. Sifinikarsu ta kai murabba'in mita 27 ko kusa da haka a kan jirgin mita 5.05, kuma tura sanda da hannu a kan irin wannan ƙyalle a iska mai ƙarfi aikin ƙarti ne. Sai suka sa sanda biyu, ɗaya a kowace fuskar bum, kowace da igiyar kusurwarta a zure a bakinta dindindin. Za a juya ta bayan iska, a saki ta dama ta koma gida, bum ya ƙetare, a ja ta hagu ta fita. Na gaba bai taɓa sanda da hannunsa ba, bai ma tashi tsaye ba. Matsalar hagu da dama da muka gani a alamar ƙasa ta ɓace gaba ɗaya, tun da kowace sanda gefenta take komawa. Dokar tsere, a sashe na 55.2, ta ce sanda ɗaya ake amfani da ita a lokaci guda in ban da lokacin juyawa, kuma wadda ke aiki dole ta kasance a maƙale da jigo. Tsarin sanda biyu bai saɓa wa wannan ba. Masu Merlin Rocket da Scorpion a Ingila su ma sun rungume shi.

Kuɗinsa fa? Sanda biyu, tayoyi, maƙalai, mita da mita na siririyar igiya da roba, da kwanaki ana gwadawa ana yankewa. Kowace igiya da aka ƙara wata sabuwar hanyar lalacewa ce. Roba tana mutuwa a rana, gishirin teku yana cinye sakata in ba a wanke ta da ruwan daɗi ba bayan kowace fita. Robar da ta saki ba za ta mayar da sanda gida ba, za ta bar ta tana reto rabi a waje. Wadda ta yi tsauri kuma harbo ta take yi baya da ƙarfi, kuma kan matuƙi yana daidai wannan layin. Akwai matuƙa da yawa masu tabo a gira da za su ba da shaida. Ban da haka, ba kowane aji ne ya yarda ba. Ajin da ke son jirage su zama iri ɗaya, kuɗi kada ya raba mai nasara da mai faɗuwa, yakan taƙaita abin da za a ɗaura. Don haka kafin mutum ya huda bum ɗinsa, littafin dokar ajinsa zai fara buɗewa, in ba haka ba mai awo ya hana shi shiga ruwa ranar gasa.

Akwai wata ƙaramar gardama a cikin babbar, ta ko bakin sanda sama zai kalla ko ƙasa. Masu cewa sama suna da hujjar cewa sifinika sama take ja, don haka da an buɗe sakata igiyar za ta tashi ta fita da kanta. Masu cewa ƙasa suna duba gefen jigo, inda sandar ke zama a kan zobe ko da sakata ba ta rufe sosai ba. Abin da ya shafi ajiya a nan shi ne, duk yadda aka zaɓa, haka za a riƙa mayar da ita kullum. Sandar da aka ajiye a kife tana fitowa da igiyar ɗagawa a ƙasa, ta dannewa a sama, a murɗe, kuma gyaran wannan a alamar sama yana nufin a cire komai a sake. Guntun tef mai launi a fuskar sama ta sandar ya magance wannan a jirage da yawa fiye da duk wani dogon bayani.

Manyan jirage ba su shiga wannan lissafi sosai. Su sandarsu ta fi ƙarfin a ɗauke ta da hannu ana juyawa, don haka gindinta yana zaune a kan layin dogo a jikin jigo, a sauke bakinta a goshin jirgi in an gama. Masu yawon shaƙatawa kuma sukan tsayar da ita a jikin jigo, abin da ɗan tsere ba zai yi ba saboda nauyi a sama da tare iska.

Amsa mafi tsauri ga tambayar ta fito ne daga Ostireliya, kuma ita ce a kashe tambayar baki ɗaya. A shekarun 1980 masu tseren jiragen ƙafa 18 a tashar ruwan Sidni suka koma ga sifinika mai gefe ɗaya dogo ɗaya gajere, wadda kusurwarta ke ɗaure a bakin wata sanda da ke fitowa daga hancin jirgi. Ba a cire ta, ba a ƙetarar da ita. Julian Bethwaite ya gina jirgin 49er a kan wannan tsari, jirgin ya shiga gasar Olamfik a Sidni a 2000. A cikinsa sandar tana kwance cikin jirgi, igiyar da ke ɗaga sifinika ita ce ke turo ta waje, in an sauke ta koma. Kamfanin da ya yi J/24 shi ma ya bi sahu da J/105 a 1991, daga baya J/70 a 2012. A gasar Olamfik ta 2024, wadda aka yi tseren ruwanta a Marsai, 470 ne kaɗai ajin da ya rage da tsohuwar sanda mai maƙalawa a jigo, inda Lara Vadlau da Lukas Mähr na Ostiriya suka ci zinare.

Duk da haka tsohuwar sanda ba ta mutu ba, kuma dalilin na ruwa ne, ba na son tsohon abu ba. Sandar hanci ba ta juyawa gefe, don haka jirgin ba ya iya bin iska kai tsaye ta baya, babban ƙyalle zai rufe sifinikar ta faɗi. Dole ya riƙa saukowa a karkace, dama da hagu, yana ƙara nisa yana fatan gudu ya biya. Ga jirgi mara nauyi mai tashi a kan ruwa kamar 49er, gudun yana biya har da riba. Ga jirgi mai nauyi a iska matsakaiciya, ko a ƙaramin tafki, ko a kogi mai ƙunci irin wuraren da ake tseren Merlin Rocket a kogin Tems da mashigin Salcombe, inda gaɓa ke hana ka karkata, mai tsohuwar sanda yakan ja ta baya ya miƙe zuwa alama ya riga ka. Masu RS400, wanda Phil Morrison ya zana, sun nemi tsaka-tsaki da sandar hanci mai ɗan karkatawa gefen iska. Ga kuma dubban J/24 da Lightning da GP14 da Fireball da ke kulob-kulob a duniya, waɗanda ba wanda zai zubar da su.

In aka tambaye ni, ga jirgin mutum biyu ko uku da dokar ajinsa ta yarda, bum ne gidan sanda, fuskar dama, igiyoyinta a jikinta. Daƙiƙun da ake samu a kowace alama, da kwanciyar hankalin cewa za a iya juyawa nan take bayan zagaye, sun fi ɗan nauyin da ke danne ƙyalle a rana mara iska, kuma a irin wannan ranar ba abin da ya hana a sauke ta ƙasan jirgi tun da akwai lokaci. Tsarin harbawa da sanda biyu na waɗanda sifinikarsu ta fi ƙarfin hannu ne, ko na gabansu yaro ne, kuma suna da haƙurin duba roba da sakata kafin kowace fita. J/24 mai ƙwararren na gaba wanda ya saba da rufi, bai kamata a tilasta masa canji ba, don an ci manyan gasa ta hanyoyin biyu. Wanda na gabansa ke canzawa kowane mako kuwa, ya rataye ta a bum, ya naɗa tef a fuskar sama, ya sa alama a igiyar ɗagawa daidai inda za a danne ta, sannan kafin a busa usur ya fita da mutanensa su kafa su sauke ta ta gefen hagu, don ta nan ne take ba da wahala.